"Nawa Ka Sayar da Ni?"

Makalar wannan mako ta faɗo kaina, kuma da farko na yi niyyar in yi ta a kan yadda ake sa wa hoto farashi, tunda ita ce tambayar da aka fi yi mini. Amma da na zauna rubutu sai na ga akwai wani kuɗi da yawancinmu ba ma sakawa a lissafi, kuma ni ma na daɗe ban saka shi ba. A kansa zan yi magana.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ita ce in ɗauki hoto, in buga shi a takarda mai kauri, in sa shi a firam ko in naɗe shi, in sayar ta Instagram da WhatsApp. Ba ni da shago. Masu saye galibi masu ofisoshi ne, da otal-otal, da gidajen abinci, sai 'yan uwanmu mazauna Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa da kewar gida ke damu. Abin da suke so sananne ne: ƙofofin birni, dawakin Hawan Sallah, ginin ƙasa mai zanko, kasuwar hatsi, da fuskokin mutane.

Hoton da ya fi kowanne kawo mini kuɗi na wani dattijo ne marini. Na same shi da hantsi a wani karofi a cikin birni, ya ɗago zane daga rami, hannayensa har gwiwa sun rine da shuni, hasken rana ya bugi gefen fuskarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, in ɗauke ka?" Ya yi murmushi ya ce in ɗauka. Na ɗauka, na yi godiya, na tafi. Ban tambayi sunansa ba. Ban gaya masa abin da zan yi da hoton ba, don a lokacin ni kaina ban ɗauka akwai abin faɗa ba.

Hoton ya karɓu. Na buga shi ƙarami, na buga shi babba, na aika Abuja, na aika Legas, na aika ƙasar waje. A ƙarƙashinsa abin da na rubuta kawai shi ne "Marini, Kano".

Ana nan sai wani ya kwafe wani hoton nawa na daban daga shafina, ya yanke sunana, ya buga shi a kalanda yana sayarwa. Ran nan na yi faɗa ƙwarai. Na rubuta dogon bayani a kan haƙƙin mai hoto, da guminsa, da yadda mutanenmu ba sa mutunta aikin wani. Jama'a suka taya ni.

Ba a yi sati biyu ba wani saurayi ya turo mini saƙo. Ya ce shi jikan dattijon nan ne, ya je Abuja ya ga hoton kakansa rataye a bangon wani gidan abinci, ya ɗauka a waya ya kawo gida. Ya ce tsohon yana son ganina.

Na je gabana yana faɗuwa. Na tarar da shi a bakin ramin nan dai. Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, "Yaro, an ce ka kai ni Abuja. Ni kuwa ban taɓa zuwa ba." Mutanen wurin suka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Sai ya ce, "To nawa ka sayar da ni?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba, kuma bai roƙi komai ba. Amma na rasa amsa. Ni da na cika shafi da kukan an ci gumina, ga shi na shekara ina cin kasuwa da fuskar mutumin da ko sunansa ban sani ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce laifi tudu ne.

Ra'ayina a yau shi ne: duk wanda zai sayar da hoton da ake gane fuskar mutum a ciki, kuma fuskar ce ake saye, wajibi ne ya sanar da mutumin cewa sayarwa zai yi, ya sami yardarsa, ya kuma ware masa wani abu daga cinikin. Wannan ba kyauta ba ce ko sadaka. Yana cikin kuɗin samar da kaya, kamar takarda da tawada da firam.

Ku lura da bambanci tsakanin "in ɗauke ka?" da "in sayar da hotonka?" Dattijon nan ya amsa ta farko. Ta biyu ban taɓa yi masa ita ba. A tunaninsa hoton zai zauna a kyamarata, ko in nuna wa abokai. Bai san za a ci abinci a ƙarƙashin fuskarsa a garin da bai taɓa takawa ba. Yawancin yardar da muke taƙama da ita irin wannan ce: mun tambayi ƙaramin abu, mun yi babba da amsar.

Matsalar ba a kanmu ta fara ba. A 1984 wani mai hoto Ba'amurke, Steve McCurry, ya ɗauki wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa hoton a bangonta a watan Yuni na 1985, ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Ba a rubuta sunanta ba lokacin da aka ɗauke ta. Sai a 2002 aka nemo ta, aka san sunanta Sharbat Gula, kuma a lokacin ne ta fara ganin hoton. Shekara 17 duniya tana kallon idonta, ita ba ta sani ba.

Ga kuma misali daga nan Afirka ta Yamma. Seydou Keïta mai ɗakin hoto ne a Bamako, ƙasar Mali. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a birnin New York ba tare da sunansa ba, aka ce aikin wani mai hoto ne da ba a sani ba. Daga baya aka bi sawu aka same shi, sunansa ya fito, aka riƙa buga hotunansa manya ana sayarwa a Turai da Amurka kafin rasuwarsa a 2001. Wannan gyara ne mai kyau. Amma matan da mazan da ke cikin hotunan, waɗanda suka ci ado suka biya kuɗinsu don su sami hoton ajiyewa a gida, yawancinsu har yau ba sunansu a ƙarƙashin hoton. Mu masu kyamara idan mun ji labarin nan, wurin da aka danne sunan Keïta ne yake mana ciwo. Ɗaya ɓangaren ba mu cika ganinsa ba, don mu ne muke yin sa.

Na san abin da wasu abokan sana'a za su ce, don na faɗi irinsa da bakina.

Za su ce doka ta ba mai ɗauka haƙƙin hotonsa. Gaskiya ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa hoto cikin ayyukan da take karewa, kuma haƙƙin yana farawa ne daga hannun wanda ya yi aikin. Da ita za ka tunkari mai kalandar da ya kwafe maka hoto. Amma wannan doka tana raba gardama ne tsakaninka da mai kwafe. Ba ta amsa tambayar dattijon ba. Kuma ko a kasuwar duniya, manyan kamfanonin sayar da hoto irin su Getty Images da Shutterstock ba sa karɓar hoton da ake gane fuskar mutum don amfanin talla sai da takardar yardar mutumin, da sa hannunsa. Idan Bature a ƙasarsa sai an nemi sa hannunsa, me ya sa marinin Kano murmushinsa kawai zai wadatar?

Za su ce a taro ba ya yiwuwa. Ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, ga ɗaruruwan mahaya, ga 'yan kallo, wa za ka bi ka tambaya? Na yarda. Wanda ya hau doki ya sha rawani da alkyabba ya fito ranar hawa, ya fito ne don a gan shi, kuma tun da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, kyamarori sai ƙaruwa suke. Hoton taro hoton taro ne, abin da ake saye a cikinsa shi ne bikin. Maganata tana kan lokacin da ka jawo fuskar mutum ɗaya ta cika takarda, ta zama ita ce hajar. Gwajin mai sauƙi ne: in aka cire wannan mutumin, hoton zai sayu? In amsar a'a ce, to kana da abokin tarayya a cinikin, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Za su ce in ka tambaya hoton ya lalace, mutum zai gyara tsayuwa ya ƙame kamar mai ɗaukar fasfo. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, amma maganinsa a hannu yake. Ɗauki hotonka, sannan ka matsa ka gaisa, ka juya kyamara ka nuna masa, ka yi bayani. In ya ƙi, ka goge a gabansa ko ka bar shi a ajiye ba na sayarwa ba. Na rasa hotuna masu kyau ta haka, ba zan ɓoye ba. Akwai wani da har yau nake tunawa. Amma ba nawa ba ne ni kaɗai, shi ya sa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta riba. Za su ce ina ribar take da har za a raba? Wannan kuka na san shi. Takardar hoto mai kyau da tawadar da ba ta saurin koɗewa duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kuɗinsu bai zauna wuri ɗaya ba. Hoton da ya yi kyau a waya yakan fito da duhu a takarda, don fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta, saboda haka sai ka yi bugun gwaji kafin na gaske, kuma shi ma kuɗi ne. Ga kafinta mai firam. Ga gilashi, wanda in ka ba direba a tasha sai ka yi ta addu'a har ya isa. Ga kuɗin aikawa waje, wanda wani lokaci ya kan kusa kai kuɗin hoton kansa. Ga ɗan kason da masu karɓar kuɗi ta intanet ke cira, ga data, ga man janareta. Sannan ga kwastoman da zai gama tambayar komai ya ce, "Turo mini ta WhatsApp kawai, zan wanke da kaina."

Duk na yarda. Amma ku duba jerin nan da kyau. Mai takarda ya karɓi nasa, kafinta ya karɓi nasa, direba ya karɓi nasa, har kamfanin data ya karɓi nasa. Ba wanda muka taɓa ce wa ya yi haƙuri riba ba ta da yawa. Mutum ɗaya ne kawai muke cirewa daga lissafi, kuma shi ne wanda ba don shi ba da babu hoton. Dalilin da ya sa muke cire shi ba ƙarancin riba ba ne. Shi ne kaɗai ba ya nan lokacin da ake ciniki, kuma ba shi da Instagram da zai gani.

A ce kana sayar da hoto N50,000. In ka ware kashi 10 cikin 100, N5,000 ke nan. Ka mayar da farashin N55,000 in ribar ba za ta ɗauka ba, ka kuma gaya wa mai saye dalili. Wanda zai iya fitar da dubu hamsin don ya ƙawata bango, dubu biyar ba za ta kore shi ba. Ni dai tun da na fara rubuta wannan a ƙarƙashin hotuna, ban ga wanda ya fasa saye saboda shi ba.

Ga yadda nake yi yanzu, ko wani zai amfana. Bayan na ɗauka, ina nuna wa mutum hoton, in gaya masa da Hausa ƙarara cewa bugawa zan yi in sayar, za a rataya a ofis ko otal ko falon wani, wataƙila har a wata ƙasa. Takardar sa hannu da Turanci ba ta da amfani ga wanda bai yi boko ba, kuma tsorata mutane take yi, don haka muryarsa nake naɗa a waya da izininsa, yana faɗin ya yarda, a gaban wani nasa. Ina karɓar lambar waya, tasa ko ta ɗansa. Ina tambaya ko yana son a sa sunansa, don akwai masu so, akwai waɗanda suka fi son a ce sana'arsu da garinsu kawai. Bugu na farko nasa ne, a firam, kyauta. Ina da littafi da nake rubuta kowane hoto da adadin da aka sayar, duk wata uku in tura kason kowa ko in kai da kaina. Kuma ina gaya masa duk ranar da ya ce a daina, za a daina.

Akwai kuma hotunan da na daina sayarwa sam, ko da an yarda. Na farko hoton almajirai. Mun san yana tafiya a kasuwa, musamman wajen baƙi: yaro da kwano, ido ya yi rau-rau, an mayar da hoton baƙi da fari. Yaron ba shi da shekarun da zai ba da izini, iyayensa suna wani gari, kuma abin da ake saye a hoton talaucinsa ne. Zai girma, hoton yana nan. Mai ɗaukar hoto don labari ko don a gyara wani abu yana da tasa hujjar, amma rataya yunwar yaro a bangon gidan abinci don ado, ban ga hanyar da zan kare ta ba. Na biyu hoton mata da 'yan mata da aka ɗauka ba su sani ba, a kasuwa ko a bakin rijiya. Mun san garinmu. Hoton da kai ka ɗauka fasaha ce, ita yana iya jawo mata magana a gidan miji ko a unguwa, kai kuma kana can ba abin da ya same ka. Na uku hoton biki da aka biya ka ka ɗauka. Amarya ta ɗauke ka aiki ne don ta ajiye tarihin ranarta, ba ta ba ka haja ba.

Wanda ya ga duk wannan ya yi masa nauyi, ƙofa a buɗe take. Kasuwar hoton da ba fuska a ciki tana da faɗi, kuma da yawa daga masu saye a nan gida sun fi son ta, don ba kowa ke son rataya hoton mai rai a ɗakinsa ba. Ga Gobarau a Katsina, ga hasumiyar masallacin Agadas, ga Dutsen Dala da yamma, ga zanen bangon gidajen Zariya, ga tulin barkono da tukwane da huluna a kasuwa. Ba wanda zai tare ka ya ce nawa ka sayar da shi.

Abu na ƙarshe, ga masu kallon maganar ta fuskar kasuwa zalla. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana iya zana maka dattijo mai rawani da furfura da hasken yamma cikin ƙiftawar ido, kusan kyauta. In abin da kake sayarwa kyan hoto ne kawai, kwamfuta ta kusa karya maka farashi. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta ce wannan mutum yana nan da rai, ga sana'arsa, ga unguwarsa, ya san da hoton, kuma wani abu daga kuɗinka zai shiga aljihunsa. Mutumin Kano da ke zaune a Landan yana kewar gida, wannan yake nema. Sannan akwai amfanin da ba a rubutawa: inda ka cika alkawari, in ka koma za a ba ka wurin zama, a kira ka ranar da za a yi abin da baƙo ba ya gani. Inda ka ɗauka ka gudu kuwa, ka ɓata wa duk mai kyamarar da zai zo bayanka.

Shi dattijon, na koma na lissafa duk abin da na sayar na hotonsa, na cire kasonsa na kai masa tare da babban bugu a firam. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce ashe haka hannunsa ya yi baƙi. Ya karɓi kuɗin ya sa albarka. Na tambaye shi ko in ci gaba da sayarwa. Ya ce in ci gaba, amma kada in ƙara sayar wa gidan abinci, don ba ya son a riƙa cin tuwo yana tsaye a kan mutane kamar mai jiran a rage masa. Da ban tambaya ba, har abada ba zan san wannan ne ya dame shi ba, ba kuɗin ba.

Don haka 'yan uwa masu wannan sana'a, a daren nan kowa ya buɗe shafinsa ya duba hotuna biyar da suka fi kawo masa ciniki. Nawa ne a ciki ka san sunan mai fuskar? Nawa ne suka san ana sayar da su? In akwai wanda za ka iya komawa ka nema, ka koma tun kafin jikansa ya nemo ka. Masu saye kuma, ku riƙa tambaya kafin ku tura kuɗi: mutumin nan ya sani? In kuna tambaya, dole mu gyara.

Na san akwai waɗanda suka girme ni a harkar nan da za su ga kashi goma ya yi yawa, wasu su ga ya yi kaɗan. Ina son jin hujjar kowa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya raba mu da cin haƙƙin wani.